Neman Famfon Jan Inji Har Sabha

Na bar gida ana kiran assalatu, lokacin gero ya fara fid da kai. Kayana buhu ɗaya: riga biyu, bargo, ƙuli-ƙuli, sifanonina, da wani ƙarfe da bai wuce dunƙulen hannu ba, naɗe a tsumma. Don wannan ƙarfen na yi tafiyar.

Ni mai injin niƙa ne a wani gari gabas da Damagaram. Injina na farko baƙi ne, mai nauyin tsiya, mai tari da safe kamar tsohon mashayin taba. In ya lalace in kwance shi, abin da ya cinye in kai wa maƙeri ko mai walda, ya tashi. Sai kuɗin fetur suka buɗe Libiya, kaya suka yi ta kwararowa. Wani ɗan garinmu ya dawo da sabon inji ja, marar nauyi, marar hayaƙi. Na sayar da baƙin ga Alhaji Sale na ƙauyen gabanmu, na cika, na sayi jan. Bai rufa shekara ba famfon mansa ya mutu. Famfon kuwa a like yake, ba noti, ba wurin sa sifana. Damagaram babu, Maraɗi babu, Kano babu. Kowa ya ce in koma inda aka sayo shi. In kaka ta zo injina na kwance, mata za su kai hatsinsu wani wuri, kuma ƙafar da ta saba da wata hanya ba ta dawowa.

Matata Rabi ta rako ni zaure.

“Malam, kan wannan ɗan abin za ka keta Sahara?”

Na ce, “Kan tuwonki dai.”

Damagaram zuwa Agadas

Mun tashi daga tasha da hantsi, muka sha rana a Tanut, muka shiga Agadas washegari. Na yi kusan mako a tashar ’yan Libiya ina jiran mota ta cika. Babu abin faɗi. Shinkafa da wake, ruwa mai tsada, kowa na ba ka labarin arzikin da zai yi.

Motar da na samu babba ce mai ɗaukar raguna. Raguna a ƙasa, mu a sama kan buhuna, kowa da jarkar ruwansa ɗaure a gefe. Direban wani Batube ne, Hausarsa a gajarce.

“Kai shugul ka tafi?” Wato aiki.

Na nuna masa famfon. Ya juya shi, ya nemi bakin buɗewa bai samu ba, ya miƙo mini.

“Wannan ba gyara. Wannan jefarwa.”

Na ce a raina, direba ne, me ya sani.

Tenere zuwa Dirku

Rairayi ne, sama da ƙasa, ba abin da zan ƙara. A tsakiya tankin motar ya tsage, gazuwal, wato man dizal, na ɗiga. Direba ya sauka, ya kwaɓa sabulu da dabino, ya like wurin, muka ci gaba. Motar ta girmi wasu da ke kanta, amma ta kai mu.

Muna cin karo da motoci masu gangarowa kudu, maƙare da katifu, rediyo, fanka, akwatuna. Mutanen da ke kai na ɗaga mana hannu kamar angwaye. A gefen hanya kuma, nan da can, ga irin kayan nan yashe, rairayi ya cinye rabinsu.

A shingen Dirku wani jandarma ya kwance tsummana, ya ja da baya.

“Mene ne wannan? Gurneti?”

“Gawa ce, ranka ya daɗe. Ta inji.”

“Ina za ka kai ta?”

“Wajen danginta.”

Ya yi dariya, amma dariyar ba ta hana shi karɓar na goro ba.

Gatrun zuwa Sabha

A Gatrun ’yan sandan Libiya suka jera mu a rana suna tambayar bataka, wato takardar shaida. Aka sauke biyu. Mu muka wuce, muka hau kwalta, muka shiga Sabha bayan azahar.

Na sauka a unguwar Mahdiya, ɗakin haya na wani Bakano, Sani, wanda aka ba ni sunansa tun Agadas. Mu da yawa ne a ɗakin. Abinci makaroni da tumatirin gwangwani, safe da yamma. Burodi kuwa kamar kyauta, har a bola ake zubar da shi. A bayan gidan na ga firji uku a tsaye, ƙofofinsu a buɗe, awaki na shan inuwa a ciki.

Sani ya ga ina kallo.

“Yaya Isuhu, daina kallo, wuyanka zai yi ciwo. Ni da akwatin gyaran rediyo na zo garin nan. Ka san me nake yi yanzu? Bulo nake ɗauka. Wa zai ba ka gyara, ga sabo a kanti ya fi gyaran araha?”

Da safe ya raka ni shagunan injuna, shi ke fassara. Shago na farko babu, na biyu babu. A na uku ga jajayen injuna jere har rufi. Murna ta kama ni. Mai shagon, wani mai tumbi da carbi, ya dubi famfona sau ɗaya.

Sani ya ce, “Ya ce ma fish. Babu. Ya ce wannan samfurin bara ne.”

“To na bana fa? Ya sayar mini da famfon kaɗai.”

“Ya ce kamfani ba ya aiko da sifiya, wato kayan gyara. Inji sukutum suke aikowa.”

Na roƙa a bar ni in gwada. Na ɗora nawa kusa da na sabon. Nawa rami biyu, nasu uku. Kala ɗaya, girma ɗaya, suna ɗaya, amma an matsar da ramukan don kada su hau juna. Mai shagon ya dafa kafaɗata, ya yi magana a hankali.

“Ya ce, ya hajj, don me kake wahalar da kanka? Jefar, ɗauki sabo.”

Na ce, “Gaya masa a garinmu ko ƙwarya ta fashe ɗinke ta ake yi.”

Sani ya ce, “Wannan ba zan fassara ba, ba zai gane ba.”

Ghuddwa

Wani a ɗakinmu ya ce in tafi Ghuddwa, garin gonaki da dabino kudu da Sabha, inda manoma ke ban ruwa da irin injina suna zubarwa. Na shiga tasi ta haɗaka bayan sallar asuba, kafin hantsi ya yi zafi na isa. Na sami Illa, mutumin Tawa, mai tsaron wata gona. Ya ji buƙatata, ya ja ni bayan itatuwan dabino.

Tari guda. Jajayen injuna masu rami biyu, kan juna, wasu fentinsu ko ƙwarzane babu. Na durƙusa na yi hamdala. Na ce a cikin wannan tarin ai ba a rasa famfo ɗaya mai rai.

Na zaɓi inji mai kyawun jiki, Illa ya ba ni gazuwal. In kwance famfo, in ɗaura, in ja. Shiru. In kwance wani, in ɗaura, in ja. Shiru. Haka na wuni, haka na sake wuni, har tafin hannuna ya yi kanta ya fashe. Na leƙa cikin injunan, komai ƙalau, kamar jiya aka ƙera. Famfon ne kawai. Duka.

Illa na zaune yana dafa shayi.

“Ɗan’uwa, ka ga ciwo ɗaya ya kashe su. Ko annoba ba ta yi haka.”

Haushi ya sa na ari zarto na yanka ɗaya. A ciki, tsakanin ƙarafa masu kyau, ga wani ɗan roba kamar ƙwayar wake, ya cinye. Shi ke nan. Da a ce da noti aka rufe, maƙerin garinmu zai fiƙe mini madadinsa da tagulla kafin a idar da la’asar. Amma an danne bakin yadda in ka yanka ba ya komawa. Wanda ya iya ƙera wannan ƙarfen bai kasa sa noti huɗu ba. Bai so ba ne. Ya san ranar da waken zai cinye, yana can yana jiran in dawo.

Mai gonar ya zo da yamma cikin farar mota. Mutumin kirki ne, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ga hannuwana, ya tambayi Illa, sai ya buɗe hannu ya nuna tarin.

Illa ya ce, “Ya ce kwashe duka, kyauta, don Allah.”

Na yi godiya. Me zan ce? An ba ni maƙabarta kyauta.

Komowa

Guzuri ya ƙare. Na bi Sani ɗaukar bulo har na haɗa kuɗin mota. Ya ce in daure in ƙara wata biyu in sayi sabo mai rami uku. Na ce in sake sayen wake a cikin ƙarfe? A’a. Na hau motar katifu, na bi hanyar da na zo, Gatrun, Dirku, Agadas. Jandarman nan ya gane ni.

“Mai gawa! Dangin ba su karɓa ba?”

“Na tarar duk sun mutu.”

Na sauka a bakin garinmu da la’asar, an riga an girbe, rumbuna cike. Tun kafin in kai kasuwa na ji shi. Tuf, tuf, tuf, sai ɗan tarin nan. Ko cikin injuna ɗari na san muryarsa. Alhaji Sale ya ji garin ba inji, ya ɗauko baƙin ya kafa shi gindin tsamiya. Mata sun yi layi da ƙorai. Rabi na ciki, ta huɗu daga gaba. Ta gan ni, ta dubi tsumman da ke hannuna, ta gane. Ba ta bar layin ba, don tuwon dare ba ya jira.

Alhaji Sale ya taso. “Malam Isuhu, sannu da hanya. An dace?”

“An dawo dai.”

“To ga tsohon abokinka, yana ba mu wahala da safe. Ko za ka riƙe mini shi, in riƙa sallamarka?”

Washegari na kama aiki. Injina ne, hannuna ne, ribar ta Alhaji. Jan yana zaurena, kaza ta yi ƙwai a ƙarƙashinsa, famfon kuma ina tokare ƙofa da shi, aikin da ya iya ke nan.

Na gode wa Allah da ya maido ni da raina. Na gode wa Sani da Illa, da Batuben da ya gaya mini gaskiya tun Agadas na ƙi ji. Wanda zai sayi kaya, kafin ya tambayi kuɗi, ya juya shi ya nemi inda sifana ke shiga. In babu, ya ajiye wa mai shi.