Yaya da Kwamfutar Marigayi

Yayata tela ce. Shekara ashirin da biyu tana taka keke a shago ɗaya, mai tagar da ba ta rufuwa sai an tokare ta da katako. Ba ta yi nisa a karatu ba, amma kallo ɗaya za ta yi wa mutum ta faɗi faɗin kafaɗarsa. Mijinta ma'aikacin ofis ne mai son tsari har ya yi yawa. Da ya sayi kwamfuta ya buɗe wa kansa akawun, ya buɗe mata nata inda take duba hotunan ɗinki. Bai taɓa gaya mata kalmar sirrinsa ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Shekara guda bayan rasuwarsa ta sayi injin surfani, irin wanda ake zana fure a kwamfuta a tura masa ya ɗinka. Mai sayarwar ya ba ta filas, ya ce manhajar na ciki, dannawa biyu ce kawai. Ta danna. Sai wani akwati ya fito yana neman kalmar sirrin admin, wato wanda kwamfutar ta sani a matsayin mai ita. Ta sa tata, ta ƙi shiga. Ta gwada sunanta, sunayen 'ya'yansu, har lambar wayarsa, duk a banza.

Ta rungumi kwamfutar ta kai wa mai gyara. Ya ce hanya mafi sauƙi ita ce a goge komai a fara daga farko. Ta tambaye shi hotunan marigayi fa, ya ce zai yi ƙoƙari amma bai yi alkawari ba. Ta naɗe wayar caji ta dawo. Injin ya yi mako uku lulluɓe da ƙyalle, ga rigunan wata makaranta guda arba'in suna jiran tambari a aljihu.

Ranar nan ƙanin mijinta, direban babbar mota, ya biyo gaisuwa. Ya tarar da mu mun zuba wa kwamfuta ido, ya ce ko zaman makoki ne aka sake. Ni ce na lura da ƙaramin rubutu a ƙasan akwatin, abin tunin da marigayi ya ajiye wa kansa: "ta farko". Yaya ta cire zaren da ke bakinta.

"Wace ce ta farko?" ta ce. "Ni dai ya ce ni ce."

Ƙanin mijin ya yi dariya har ya riƙe ƙofa. "Yaya, kwantar da hankalinki. Babur ne, kamar mace yake ambatonsa. Tsohon babur ɗinsa, Kunkuru, wanda mai keke ke wucewa."

Muka rubuta kunkuru, kwamfutar ta ƙi. Muka mai da harafin farko babba, ta buɗe.

Mai gyaran ne ya ƙarasa mata bayani ta waya. Ta shiga wajen saituna ta akawun ɗin marigayi, ta nemo akawun ɗinta, ta canza shi daga na mai amfani kawai zuwa na admin. Ta koma nata, ta danna manhajar da ɓangaren dama na linzamin kwamfuta, ta zaɓi a buɗe ta da ikon admin. Akwatin ya sake fitowa, ta sa tata kalmar, koren layi ya fara tafiya, manhajar na shiga. Duk matakan ta rubuta su a bayan kwalin zare ta manna a bango. Akawun ɗin marigayi kuwa ba ta goge ba, ba ta kuma bincika shi a gabanmu ba. Sai da muka tafi.

Tambarin farko a kife ya fito, ta warware shi da reza ta sake ɗinkawa. Sauran talatin da tara suka fito daidai.

Yanzu duk wanda kwamfutarsa ta hana shi sa wani abu a layin shagunansu, wajenta yake zuwa, daga mai aski har mai hoto. Tambayarta ta farko kullum ita ce na wane ne na'urar. In ba ta mutum ba ce, sai ya kira mai ita a gabanta. Makon jiya wani likitan haƙori ya zo da tasa yana ta duba agogo. Ta nuna masa benci, ta ce ya zauna ta gama wuyan riga tukuna.