Okezie, Mai Jitar da Ya Sa Sunana a Bakin Duniya

Ranar Talata, huɗu ga watan Maris, labari ya iske ni a rumfata a kasuwar Aba cewa Okezie Ahuchaogu, jagoran ƙungiyar kiɗan zamani irin na rok mai suna Egbe Igwe, ya riga mu gidan gaskiya. Kafin yamma kowace rediyo ta saki waƙar nan tasa mai ɗauke da sunana, Oyidiya.

Okezie, an ce a faɗi alherin mamaci, to bari in faɗa. Kai ka yi wa cocinmu rufin kwano, ka sa marayu a makaranta. Da yaƙin basasa ya ƙare muna yawo da yunwa, jitarka ce ta fara tayar da matasan garin nan rawa. Ban taɓa musun wannan ba.

Ni ma ka yi mini nawa alherin. Ina soya ƙosai a ƙofar otal ɗin da kuke wasa, ka ce kana sona, na ce an riga an kawo bammin neman aurena daga gidan wani tela. Sai ka tsara waƙa, wai Oyidiya tana bin sojoji saboda kifin gwangwani. Ƙarya ce, ka kuma sani. Amma kiɗan ya yi daɗi, har ƙannena sai da suka taka. Dangin telan suka zo suka kwashe tulunan bamminsu, ko zama ba su yi ba. Daga nan ba wanda ya sake sallama a ƙofarmu saboda ni.

Da na tare ka, dariya ka yi. "Haba 'yar'uwa, waƙa ce kawai. Ai suna na yi miki."

Sunan kuwa ya yi. Na tsufa yara suna rera shi idan na wuce, Turawa masu sake buga tsofaffin faya-fayai suna neman hotona.

Bara shanyewar jiki ta karkatar da bakin nan naka, na je dubiya. Ka riƙe gefen zanena kana ta kokawa da kalma ɗaya, yawu da hawaye na zuba. Na gane kalmar sarai, gafara kake nema. Na ce, "Ɗaga murya, mawaƙi, ba na ji." Ranar na ji sanyi a raina.

Jiya babban ɗanka Uchendu ya zo mini da goro. "Mama, za a buga waƙar wurin jana'iza. Ki taimaka ki taka a gaban akwatin gawar, jama'a su ga kin yafe. Burin Baba ke nan."

Na karɓi goron. Zan zo, in ɗaura anko, in zauna a sahun gaba, in ci shinkafarku. Idan makaɗa suka iso kan sunana kowa ya waiwayo, a zaune za a same ni.

Ina yi wa matarka da 'ya'yanka ta'aziyya, ba su da laifi, Allah ya ba su haƙuri. Kai kuma Ubangiji ya ji ƙanka, ya yafe maka abin da ke tsakaninka da shi. Wanda ke tsakanina da kai kuwa, ka jira ni, ina tafe.