Baban Cikin Waya

Duk wanda ya san Muttaka Atine a Gusau ya san shi da baƙin mai a farce. A garejin ubansa ya yi rarrafe, kuma tun kansa bai kai bonet ba yake sauraron inji ya faɗa maka ciwonsa. Lokacin da ya tafi Doha aikin tuƙi, matarsa Zulfa tana da cikin wata shida. Ya ce mata shekara biyu ce kacal. Yau 'yar da ta haifa, Kausar, ta cika shekara huɗu, ba ta taɓa ganin ubanta ba sai a fuskar waya.

Kada ka ce ɗaure shi aka yi. Fasfonsa na nan cikin akwatinsa, a ɗakin direbobi da ke bayan gidan kafil ɗinsa, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, a unguwar Nu'aija. Karambaninsa ne ya jawo masa, ni kuwa har yau haushin karambanin nan nake ji.

Mahaifin kafil ɗin, wani dattijo da ake kira Abu Jasim, yana da wata tsohuwar mota ta shekarun hamsin, koriya, doguwa kamar kwalekwale. A cikinta ya ɗauko amaryarsa, wadda yanzu ta rasu. Shekara da shekaru tana lulluɓe da tamfol, makanikai sun gaji sun ƙyale ta. Wata Juma'a Muttaka na zaune ba aikin yi, hannunsa ya yi masa ƙaiƙayi. Ya wanke fulogai, ya busa tiyon mai, sannan ya yi abin da ya gani wurin ubansa: ya kifa tafin hannu a bakin kafireta, ya sa aka murɗa makulli, da ya ji injin ya zuƙi fatarsa sai ya ɗage. Mota ta yi tari sau biyu ta tashi. Tsoho ya fito ba takalmi, yana hawaye, ya sumbaci Muttaka a goshi.

Daga ranar ya daina zama direba, ya zama ɗa. Abin da tsoho ya ci shi ake kai masa. Sai dai motar ba ta jin maganar kowa sai tasa, tsoho kuma ba ya yini bai ji ƙararta ba. Sau uku Muttaka na neman hutu, sau uku Abu Jasim na riƙe hannunsa ya ce, "Ɗana, bari azumi ya wuce," ko, "Bari zafi ya sauka." Muttaka kuwa ya tashi ne a gidan da ba a kallon idon babba a ce masa a'a. Sai ya sunkuyar da kai ya ce to, ya koma ɗaki yana jin kamar ya fasa ihu.

Da ya ga haka ya nemi dabara. Akwai direban gidan na biyu, Abdul-Ganiyu, mutumin zangon Kumasi mai furfura a gemu. Wata uku Muttaka ya yi yana koya masa motar. Aka yi magana da tsoho a fili: in Abdul-Ganiyu ya tuƙa ta lafiya a bikin nunin tsofaffin kaya da za a yi a bakin teku, Muttaka zai tafi gida ranar Alhamis. Har tikiti an yankar masa.

Ranar bikin, bayan la'asar, filin ya cika da iyalai. Ga rumfunan da aka baje tsofaffin rediyo da garmaho da faifai, ga masu busa ƙaho sanye da kwat da siririn taye suna kiɗan zamanin kakanni, ga matan Turawa da riguna masu ɗigo-ɗigo suna juyi. Muttaka ya zo da kaftaninsa, ɗan kallo kamar kowa, karo na farko tun zuwansa ƙasar. Ya kira gida ya juya wayar don Kausar ta gani.

"Baba, wancan me ya ɗora a wuya?"

"'Yarsa ce. Alhamis ke ma zan ɗora ki haka."

"Ta ina za ka fito?" ta tambaya, tana leƙa gefen wayar.

Ya yi dariya ya ce za ta gani. Da aka fara jerin motoci ya kashe, ya matsa bayan igiyar da aka tare 'yan kallo da ita.

Koriyar motar ce ta bakwai. Abdul-Ganiyu ya sha hular direbobin da da farar safar hannu, sai ƙyalli yake yi, Abu Jasim na baya da jikokinsa biyu suna ɗaga wa mutane hannu. Daidai gaban makaɗa ta yi tari, ta mutu.

Muttaka ya damƙe igiya. Ya ga Abdul-Ganiyu ya fito ya ɗaga bonet, ya roƙi direban motar baya ya murɗa masa makulli. Duk daidai. Sai ya ga mutumin ya kifa hannu a kafireta da safar a jikinsa. Ta yaya fata za ta ji zuƙar inji ta cikin ƙyalle? Bai ɗage ba har mai ya shaƙe ta. Ya sake, ya ƙara shaƙe ta.

"Cire safar mana, Malam Ganiyu," Muttaka ya faɗa a ƙasan maƙoshi. Ya ce wa kansa kada ka motsa. In ya ƙyale, wani zai tura ta gefe, tsoho ya ji kunya ta yini ɗaya, shi ke nan.

Makaɗa suka yi shiru. Wayoyi suka tashi sama, wani ya ƙyalƙyale da dariya. Abu Jasim ya sauke hannunsa, ya yi ƙanƙane a kujerar da matarsa ta taɓa zama, idanunsa na yawo cikin jama'a, kuma Muttaka ya san wanda suke nema. Tausayi ya kama shi, ya tsani tausayin, amma ƙafarsa ta riga ta tsallake igiya.

Bai yi minti biyar ba. Ya bar man ya tsane, ya kifa hannunsa ba safa, ya ce wa mai riƙe da makulli, "Yalla, murɗa." Inji ya zuƙa, ya ɗage, mota ta tashi da ruri. Filin ya ɗauki tafi, masu ƙaho suka busa masa. Abdul-Ganiyu ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, ka yafe ni," bai iya kallonsa ba.

Tsoho ya miƙo hannu ta taga ya riƙe nasa, da man da komai. "Ka gani, ɗana? Ba ta son kowa sai kai. Akwai wani bikin watan gobe. Bayansa sai ka tafi, khalas, shi ke nan."

Muttaka ya buɗe baki. Fasfo na akwati, tikiti na waya, ba mai tare shi a ƙofa. Ya dubi hannun tsohon cikin nasa, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba."

Ya koma bayan wata rumfar faifai ya kira gida. Zulfa ta kalli baƙin man da ke hannun kaftaninsa, ta miƙa wa yarinya wayar ta kau da kai. Kausar ta fara ba shi labarin kitson da za a yi mata saboda Alhamis. Can wayarsu ta yi ƙarar ƙarewar batir, hoton ya dusashe.

"Umma, yi sauri," ya ji tana cewa, "sa Baba a caji kada ya mutu."