Kunnuwan Auduga

Sai-Gobe ake kiran telan, domin duk wanda ya zo karɓar ɗinki amsar da zai samu ke nan. Ya tsufa a kan keke, ya aurar da 'ya'ya, gilashin idonsa ya yi kauri, amma halin yana nan. Abokiyar zamansa a shago wata farar kyanwa ce da ta shigo tun tana 'yar mitsitsiya, ta kwanta cikin kwandon ƙyallaye ta ƙi fita. Ya sa mata suna Auduga.

Auduga ba ta kama ɓera. Sana'arta hawa rufin shago ta baje a rana, kamar wanki. Haka ta yi shekaru.

Matarsa ce ta fara lura, ranar da ta kawo masa abinci.

"Maigida, 'yar lelenka fa kunnenta ya yi ɓawo."

"Faɗa ta yi."

"Da wa? Wannan da ɓera ke tsallake ta?"

Ciwon ya ƙi warkewa, ya kama ɗaya kunnen, har yana tsattsafo da jini. Tela ya rufe shago, ya saka ta a kwando, sai wurin likitar dabbobi. Likitar ta ɗebi ɗan nama aka gwada. Da ya koma ta ce ciwon daji ne na fata.

Tela ya dubi Auduga. "Kyanwa ma? Na ɗauka mu kaɗai aka bar wa wannan."

"Baba, su ma suna yi, kuma ba abin mamaki ba ne idan sun manyanta. Farare irin wannan, rana ce ke cin kunnensu da hancinsu. Macen da ba a cire wa mahaifa ba takan yi na nono. Hayaƙi ma ba ya yi musu kyau. Kuna shan taba?"

"Allah ya kiyaye! Allura kaɗai nake sawa a baki."

An yi sa'a abin bai yi nisa ba, aka datse kan kunnuwan biyu. Da aka miƙo masa ita, ya gyara gilashi ya bi ɗinkin da kallo, sannan ya dubi likitar.

"'Yata, wa ya koya miki? Ko zare ɗaya bai karkace ba."

Likita ta ce rana kuma ta haramta. Tela ya zauna ya ɗinka wa Auduga hula mai baki, har da igiya. Da ya sa mata, ta yi tafiya da baya, ta birkice, ta fizge hular ta cusa ƙarƙashin keke. Matarsa ta yi dariya har da riƙe ciki.

Dole ya sa aka toshe hanyar hawa rufin. Auduga ta yi fushi, ta daina kula shi, sannan ta huce ta zaɓi sabon wurin kwana: kan yadin da ya fi kowanne tsada a shagon. Masu kawo ɗinki suna ƙorafin farin gashi a kayansu, shi kuwa sai ya sa burushi ya kakkaɓe yana cewa, "Ku yi haƙuri, mara lafiya ce." Ta warke sarai, ta yi ƙiba, amma har yau bai daina faɗar haka ba.