Bagobirin da Ke Gyara Mini Turanci

A aji huɗu na ajiye boko, sauran Turancina a bakin ƙofar ofis na tsinta, ina masinja. A can na lura Bature ba ya faɗin magana ya bar ta haka, sai ya maƙala mata ɗan wutsiya mai tambaya, kamar yadda muke cewa "ko ba haka ba?" Na zaɓi guda ɗaya, "isn't it", na riƙe ta da kyau. Hula ɗaya gare ni, kowace riga da ita nake fita.

Ba wanda ya taɓa damuwa sai wani Bagobiri, tsohon hedimasta, da muke zama benci ɗaya a Ƙofar Guga bayan la'asar. Ni Bakatsine ne, tsakanin Bakatsine da Bagobiri kuwa akwai wasa, don haka bawana nake kiransa, shi ma bawansa yake kirana, har yau ba a raba gardamar ba.

Da na hango shi sai in ce, "You are late, isn't it?"

Ya tsaya ya dafa sanda. "Aren't you, jahili. Wutsiya bin jikinta take. In gaba ta ce e, baya ta ce a'a."

"To mi ya sa ba za su shirya ba? Gaba da baya suna gardama, wannan ai Turancin Gobir ne."

"Da a makarantata kake, da ka sha bulala."

"Shi ya sa na gudu tun ba ka zo ba."

Haka muke har mai shayi ya fara haɗa wuta. Ya yi ta zana mini abin a ƙasa da bakin sanda. Wallahi na so in gane, kan ne ya ƙi.

Bara ɓarin jikinsa ya shanye, ɗansa ya ɗauke shi zuwa gidansa a sababbin unguwanni. Ɗan ya gaya mini maganar ba ta tafi duka ba, harshen ne ya yi nauyi, tsohon kuma ya ƙi buɗe baki a gaban kowa. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana gyara bakin mutane ba zai yarda a ji nasa ya karkace ba.

Na ci gaba da zuwa benci. Samari masu digiri suna wucewa, in jefa musu Turancina mafi muni, su rusuna su ce, "Haka ne, Baba." Ladabi gare su. Ni kuwa sai in ji kamar na yi sallama a kango.

Sai na fara hawa keke mai ƙafa uku ina zuwa wurinsa ran Juma'a, da niyyar in ba shi haushi har ya tanka. Tun a hanya nake shirya kayan aikina.

"Bawana, you have eat, isn't it?"

Ya dube ni. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa, na matso da kujera. Sai ya mayar da ido kan bango.

"They are feeding you too much, isn't it? Dubi kumatu, har tsagen Gobir ɗin ya buɗe."

Matar ɗansa ta leƙo ta ce, "Baba, ko a bar shi ya huta?"

Na ce, "'Yata, hutun mi? Malami ne, aiki na kawo mishi."

Juma'ar da ta wuce kurakuraina suka ƙare. Na rasa sabo, tsofaffin kuma ya gaji da su. Na yi masa addu'a, na miƙe ina laluben takalmi, sai na ji an riƙe gefen rigata. Hannun nan mai lafiya ne, da ƙarfinsa kuwa.

Na koma na zauna. Sai da aka kira magariba ya sake ni.