Hannun Injin Inna Habi

Shekara talatin Inna Habi, ƙanwar mahaifiyata, tana murza taliya a ƙauyenmu da ke yankin Kurawa. Gajera ce, ga faɗa kamar me. Igiyoyin tsakar gidanta kullum cike suke da shanyar taliya, har mijinta Na'Allah sai dai ya rataye rigarsa a darni. Biki ko suna, in babu taliyarta da manja da yaji, mutane sai su ce ba a ci komai ba.

Tana da wata ɗabi'a. In ta gama aiki sai ta zare hannun injin taliyar ta soke a bunun ɗakinta, don kada maƙwabta su zo aro. Rowa ce tsagwaronta, na sha faɗa mata.

Ranar da 'yan bindiga suka shigo da hantsi, kowa ya suri abin da ya samu. Ita ta kwance inji daga benci ta goya shi. Sai da muka isa Sabon Birni ta tuna hannun yana can cikin bunu.

A makarantar da aka sauke mu aka kawo tallafi, katan-katan na taliyar leda, irin ta Italiya. Na ce ta taso mu bi layi.

"Ni Habi?" in ji ta. "In tsaya layi a miƙo min taliya? Wallahi ba ni yi. Za ni ɗauko abina."

Na'Allah ya roƙe ta, ni har kuka na yi, don wanda ya koma kwaso gero makon da ya wuce bai dawo ba. Washegari da safe ta hau babur zuwa rabin hanya, sauran ta taka da ƙafa. Yini guda ina jin haushinta, ina kuma yi mata addu'a.

Da la'asar sai ga ta, toka har gwiwa. An ƙone gidan ƙurmus. Itacen mariƙin hannun injin ya cinye, ƙarfen ya yi baƙi ƙirin, amma yana nan.

"Ke da kike ce min marowaciya," ta ce da ni. "Da na ba da aro, ina za ni tona?"

Ta naɗa tsumma a ƙarfen, ta kwaɓa fulawa, ta ce in ɗaura mata igiya daga tagar aji zuwa bishiyar darbejiya. Sai da ta cika igiyar nan, sannan ta zauna ta yi kukan gidanta.