Zabbin Baba a Motar Gusau

Kurkyat, kurkyat, kurkyat. Kukan zabbin Baba ne ya cika bayan gidanmu na Tsafe a hantsin da na tsugunna gindin rumbu, na kai waya bakina ina magana ƙasa-ƙasa.

Na samu aikin koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Bungudu, an ce in ba da amsa kafin a koma hutu, in ba haka ba a ba wata. Wurin zama akwai, gidan Goggo ƙanwar Baba. Izinin Baba kawai ya rage, ni kuwa 'yar fari ce. Bai taɓa kiran sunana ba. In yana son ruwa, ko ina tsaye gabansa, Inna yake ce wa, "A ce wa yarinyar nan ta kawo ruwa." Inna ma alkunyar take yi mini. Gaisuwa ce iyakar hirarmu da shi. Ta yaya zan durƙusa in ce ina son barin gida?

A lokacin na kamu da son wani fodkas, shirin da ake saukewa a waya, inda mutane ke tura damuwarsu ta murya, wata Anti mai sanyin harshe ta ba su shawara. Ina saurarenta ina tankaɗe, ina ji kamar ta san ni. Sun ce suna sauya murya, ba mai gane mutum. Shi ya sa na tura.

Mako ya zagayo, na shiga motar Gusau zan karɓo takardar sakamakon jarrabawata. Mun wuce gonakin dawa, ina kallon gajimare ina ba su sunaye a raina, sai direba ya haɗa wayarsa da rediyon mota. Na ji Anti ta ce, "Ga saƙo daga wata 'yar fari."

Wata murya ta fito, kakkaura kamar ta dattijon da mura ta kama, tana faɗin kalmomina ɗaya bayan ɗaya. A bayanta kuwa, tar-tar: kurkyat, kurkyat! Muryata suka sauya, zabbi kam an bar su yadda Allah ya yi su, har da tsohuwar zabuwar Baba mai dusasshiyar murya.

Dariya ta taso mini tun daga ciki. Na cusa hijabi a baki.

"Wagga ɗiya gidansu da zabbi," in ji wata Hajiya da ke gefena. "Allah Sarki. Ta tai ta gaya mai mana, cinye ta zai yi?"

"Hajiya, ba ki san ɗan fari ba?" in ji direba. "Ni nan, tsohona har ya rasu bai dube ni ido da ido ba."

"Kai ka dubi hanya dai, Malam!"

Wani dattijo mai sanda a gaba ya ce ta haƙura ta zauna, karatun ya isa. Hajiya ta ce, "Dattijo, in ta zauna, wa zai karantar da jikokinka? Zabbin?" Mota ta kaure da dariya, ni kuma na samu mafaka na saki tawa, har hawaye. Hajiya ta zungure ni. "Ke 'yar boko, mi za ki ce mata?"

"A yi mata addu'a," na ce, ina shaƙewa.

Anti ta gama da cewa kowane gida yana da bakin da uba ke ji, in nemi wannan bakin. Goggo ta faɗo mini a rai. Da na karɓi takardata, ban nufi tashar Tsafe ba, motar Bungudu na hau, zuciyata na rawa kamar ranar sallah.

Na tarar da Goggo tana share ƙaramin ɗakinta na baƙi. Na zayyana mata komai a guje. Ta ce, "To, uwar 'yan tsoro, bar ni da shi," tana wani murmushi da ban kula da shi ba.

Ban san me suka ce ba. Na dai ga Baba ya dawo kasuwa da sabon gidan sauro, ya ajiye a ƙofar ɗakina, ya dubi Inna. "A ce wa yarinyar nan Bungudu akwai sauro." Na shige ɗaki na rungume gidan sauron ina juyi.

Sai da na shekara biyu ina koyarwa Goggo ta gaya mini. Tun kafin in shiga motar nan Baba ya ji shirin, a shagon telansa. Ya gane dusasshiyar zabuwarsa, ya sa aka maimaita masa saƙon, sannan ya fita waje ya kira Goggo a waya ya ce ta share ɗaki.